Keken Malam Ayuba da Layin Dogo

Matan zumunta sun ce in tashi a majami'a in ba da shaida a kan jinyar mijina, na ce su bar ni in rubuta. Na san bakina. In na tsaya a gaban jama'a na hango wasu fuskoki a bencin dattawa, abin da zai fito ba shaida ba ce. A takarda kuwa ina iya dakatawa in sha ruwa in ci gaba. Duk wanda Allah ya ɗora masa tura keken guragu da mutum a ciki, dominsa nake wannan rubutu. Ni an koya mini yadda zan yi da rami da gangara, ba a koya mini yadda zan yi da dangi ba.

Sunana Rifkatu, ana ce mini Maman Hannatu, ɗinki nake yi a nan Kafanchan. Mijina Malam Ayuba tica ne a firamare, asalinsa daga wani ƙauye kusa da Samaru Kataf. Shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira, a farkon damina, iska ta yaye kwanon majami'armu. Maza suka fito aikin gayya, shi ma ya hau, ko da yake na ce masa da alli aka san shi ba da guduma ba. Ya taka wani katako da ya ruɓe ta ciki, ya faɗo ta baya a kan tarin bulo. Da aka kira ni, na tarar an jingina shi da bango ana masa fifita, wani yana ɗura masa ruwa. Yana magana sarai. Ya ce, "Maman Hannatu, ina ƙafafuna?" Ga su kuwa a miƙe a gabansa.

Alhaji Garba, maƙwabcinmu mai fataucin goro, shi ya ba da motarsa aka kai shi asibiti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don a cikin ma'aikatan akwai waɗanda suka yi mana kirki. Amma mun yini a layin karɓar kati, mutum na kwance a baranda a kan ƙyauren ɗaki, ƙuda na bin bakinsa. Gado babu. Injin ɗaukar hoton ƙashi ya lalace, ana jiran mai gyara. Makon farko kaf abin da aka ba shi ƙwayar rage zafi ce da robar fitsari, don fitsarin ma ya ƙi fita da kansa. Likita zai zo zagaye, ya soka masa tsinin allura a tafin ƙafa ya ce, "Ka ji?" Malam ya ce bai ji ba, likita ya yi rubutu ya wuce wurin na gaba.

Mako na biyu dangi suka sauka daga ƙauye, kowa da maganinsa. Uwarsa ta ce jifa ne, wani ke baƙin ciki don ana rade-radin za a ba shi hedimasta. Wani kawunsa ya zo da mai ɗori, wai zai karya ƙafar kaza ya ɗaure, ranar da kazar ta taka shi ma zai taka. Wata gwaggo ta ce a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi a gadon baya. Na ce ba mai taɓa shi. Daga ranar na samu suna a dangi, an ce boko ya shiga mini kai, ni da iyakata aji shida.

A cikinsu akwai wansa, Baba Kazah, helluma, wato shugaban 'yan dako a tashar jirgi. Dole in faɗi alherinsa kafin in faɗi sauran. Ubansu ya mutu suna ƙanana, Baba Kazah ne ya yi dakon citta da gyaɗa a ka har ƙaninsa ya gama makarantar horon malamai. Malam ko tari yake yi, in wansa ya shigo sai ya haɗiye. Da aka ce a kai shi babban asibiti a Jos, Baba Kazah ne ya nema mana wuri a jirgi, ya sa yaransa suka ɗauke shi a kan ƙyauren nan ba su bari ya karkata ba, ya kuma tsaya a kansa har muka isa. Ban manta ba, kuma ba zan ce bai yi ba.

A Jos muka ci rabin damina. Na sayar da awakina, na kai 'yarmu Hannatu wurin mahaifiyata a Gwantu, na shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin marasa lafiya tare da sauran masu jinya. An kwantar da shi shame-shame, ba zama ba juyi sai nas ta zo mu juya shi tare kamar gungume. Likitansa ɗan Indiya ne, Hausarsa 'yar kaɗan. Ta bakin nas ya gaya mana cewa ƙashin baya ya tsage, amma lakar da ke ciki ba ta yanke ba, ƙujewa ta yi, kuma in aka yi haƙuri tana iya farfaɗowa.

Ta farfaɗo kuwa. Wata safiya ina goge masa ƙafa da tsumma ya ce, "Ruwan nan da sanyi." Na saki tsumman na zauna a ƙasa. Bayan wasu makonni babban yatsansa na dama ya motsa, masu jinya suka taru suna kallo sai ka ce an yi haihuwa. Ranar sallama likitan ya kama hannuna, bai nemi nas ba, ya ce da bakinsa, "Mama, zai taka. Amma ba faɗuwa. Ko ɗaya." Ya ɗaga yatsa ya sake cewa, "Ko ɗaya."

Ikilisiya ce ta yi karo-karo ta saya masa keken guragu, tsoho ne amma da ƙwarinsa. Na gode musu a lokacin, ina kuma gode musu yanzu. Wata sista mai gashin ƙashi ta sa ni na zauna a ciki ta tura ni a farfajiyar asibiti don in ji yadda yake, sannan ita ta zauna na tura ta. Abin da ta koya mini ke nan, ina roƙon mai karatu ya riƙe. Manyan tayoyin baya ba su da matsala, 'yan ƙananan nan na gaba su ne masu kayar da mutum. Tsakuwa ɗaya ko tsaga a ƙasa ta isa ta tsayar da su cak, keke ya tsaya, na ciki ya wuce. In ka zo dokin ƙofa ko bakin kwata, ka taka ƙarfen da ke ƙasa ta baya, ka danna hannuwan keken har ƙananan su tashi sama, ka haye a kan manyan. In sauka ce, ko matakala ko gangara, ka juya ka sauka da baya, kai a ƙasa shi a sama, jikinka ya zama masa tokari. In ka tsaya, ko gaisuwa za ka yi, ka ja birki. Ta ƙara da cewa tunda ƙugunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, kada ya zauna a ciki ba a ɗaure ba. Bel ɗin keken ya daɗe da ɓata, sai ta karɓi zanen da na yafa ta ninka shi da faɗi, ta zagaya ƙirjinsa da cikinsa ta ƙulle a bayan kujerar.

Muka dawo Kafanchan ana tsakiyar ruwa. Wanda ya san unguwarmu ya san ba a yi ta don keken guragu ba. Ƙofar gida akwai kwata, bayan kwata taɓo, bayan taɓo gangara mai zaizaya har bakin titi. Washegari na leƙo na ga yaran shagon Alhaji Garba suna zuba burji, shi yana tsaye da carbinsa yana nuna musu inda za su shimfiɗa katako a kan kwatar. Ban roƙe shi ba. Na fara godiya ya ce, "Haba Maman Hannatu, Malam ne ya koya wa 'ya'yana karatu. Ki dai duba ko faɗin ya isa tayoyin." Mutumin da ba addininmu ɗaya ba shi ya tambaye ni faɗin taya.

Kullum da hantsi nakan fitar da shi ya sha iska. Na koyi hanyar kamar yadda na san layin ɗinki: inda saiwar mangwaro ta taso, inda ruwa ya ci gefen hanya, inda yashi yake kama taya. Hannuwana suka yi kanta. Wata rana ruwa ya tare mu, keken ya nutse a taɓo, na cire takalmi na ja shi da baya har gida, yana ta yi mini dariya yana cewa ya auri jaki bai sani ba. Na ce ya yi shiru ko in bar shi a nan kwaɗi su yi masa waƙa. A cikin ɗaki kuwa yana samun sauƙi. Ya fara jin cizon tururuwa. Ya fara kama ƙarfen taga ya miƙe, ƙafafu na rawa, ya tsaya gwargwadon karanta aya guda ya koma. Hedimasta ya aiko cewa ajinsa na jiransa.

Sai maganar zane ta taso. A wajen mutanen mijina, namijin da aka ɗaure da zanen matarsa ya gama yawo, an mallake shi, ba ya sake buɗe baki a gaban maza. Na fara jin ƙus-ƙus a bakin famfo. Daga nan Baba Kazah ya zo da kansa, ya tarar da mu a ƙofar gida. Hausarsa ta tasha ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Ya ce, "Matarmu, wannan mene ne ka yi wa ƙanina?"

Na durƙusa na ce, "Baba, asibiti ne suka ce a ɗaure shi, kada ya zame."

"Asibiti ya ce da zanen mace? A gidanmu akuya ake ɗaurewa, da mahaukaci. Wanne ne shi a ciki?"

Ban yi musu ba. Na kai wa baduku ya yanka mini ɗamarar fata. Kwana kaɗan ta goge masa haƙarƙari ta yi ciwo, shi kuwa bai ji ba don wurin bai gama farfaɗowa ba. Na gwada igiya, ta fi muni. Na yanko farin yadi mai faɗi a shagona, uwarsa ta gani ta ɗora hannu a ka, wai na naɗa wa ɗanta likkafani da ransa. To me zan yi? Na koma wa zanena, mai taushi ne, mai faɗi ne, ba ya cin fata. In za mu fita sai in ɗora masa babbar riga a sama don a rufe bakin mutane. Malam da kansa ya ce, "Ki ɗaure abinki, in na taka sai su nemi wani abin faɗa."

Da kaka ta yi, aka sa ranar godiya a majami'a. Baba Fasto da dattawa suka zo suka ce tunda a aikin Ubangiji ya faɗi, ikilisiya kuma ta sayi keken, ya kamata a shigo da shi a gaban jama'a a yi godiya. Na ce a bari sai ya shiga da ƙafarsa, saura kaɗan. Suka ce mutane sun ba da kuɗinsu, suna so su ga abin da Allah ya yi. Malam ma yana so, ya gaji da kallon bango. Na yarda, bisa sharaɗin ni zan tura.

Tsakanin gidanmu da majami'a akwai layin dogo. Hanya biyu ce. Akwai mararrabar da motoci ke bi, da nisa amma a shafe take, nan nake bi da shi in za mu karɓo magani, kuma ko a nan sai na juya keken na haye da baya. Akwai kuma yanke ta bayan tasha, inda 'yan dako suka jera katakai tsakanin ƙarafan don amalankensu. Tsakanin katako da ƙarfen dogo akwai tsaga da aka bari don ƙafar jirgi. Tayar amalanke babba ce, ba ta ma san da tsagar ba.

Ranar Lahadin na yi masa wanka, na ɗaure shi, na sa masa farar rigarsa a kai. Muna fitowa na ga abin ya fi yadda aka gaya mini. Matan zumunta sun cika ƙofar gida da anko suna buga tulu suna waƙa, dattawa da kwat, dangi daga ƙauye da dammunan dawa da doya na baiko, wato sadakar godiya ga majami'a. Baba Kazah ya zo da yaransa na tasha, ya sa hula sabuwa. Na sauko da Malam gangarar gida da baya yadda na saba, na ji wani yana cewa, "Ji yadda take jan sa kamar buhu." Muna isa bakin titi Baba Kazah ya dafa hannun keken.

"Matarmu, koma cikin mata. Yau ranar maza ne."

Na ce, "Baba, mun yi da Fasto ni zan tura."

"Ni da nake tura kaya tun ba a haife ka ba? Buhu nawa na ƙetare da shi layin nan, ko ɗaya ya taɓa faɗuwa?"

Yana magana hannunsa ya taɓa ƙullin da ke bayan kujerar. Ya ɗaga rigar ya gani. Fuskarsa ta canza. Ya ce a gaban dattawa da baƙi ba za a shigar da ɗan ubansa ɗakin Allah a ɗaure da zanen mace ba, sai dai bayan ransa. Ya sa hannu ya warware ƙullin, ya zare zanen ya miƙo mini. Na ƙi karɓa, na riƙe keken da hannu biyu. Na ce likita ya ce ba faɗuwa. Na faɗa da Hausa, na faɗa da yarensu, na juya wajen Baba Fasto na ce ya sa baki. Baba Fasto ya dubi agogonsa ya ce, "Maman Hannatu, a yi haƙuri, lokacin sujada yana wucewa. 'Yar tafiyar nan ce kawai." Wani dattijo ya ce mace ba ta jayayya da wan miji a titi.

Na sunkuya na ce, "Malam, ka yi magana."

Ya dubi wansa, ya dubi mutane, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ƙyale shi, Maman Hannatu. Zan riƙe da hannu."

Mata biyu suka kama ni suka ɓamɓare yatsuna daga keken, da lallashi, suna cewa in bar wa Allah. Aka ɗauki waƙa. Da na ga sun karkata ta bayan tasha na ƙwace na bi su da gudu, ina cewa a bi ta mararraba, in kuma an ƙi, a juya shi da baya. Tulu da waƙa suka shanye muryata.

Ɗan dako in zai haye layi da amalanke ba ya tafiya a hankali, don kaya za su tsaya masa a tsakiya. Ja da baya yake yi kaɗan, ya ba shi gudu, nauyin ya haye da kansa. Abin da hannun Baba Kazah ya sani ke nan, shi ya yi. Na ji ya ce wa yaransa, "Ku ba da hanya, a ba shi gudu." Na ga hularsa ta yi gaba. 'Yan tayoyin suka faɗa tsagar nan suka tsaya cak. Keken ya ɗaga baya, Malam ya fita ta gaba, ya juya a iska don ya kare fuskarsa, ya sauka da gadon bayansa a kan ƙarfen dogo na biyu.

Waƙar ba ta tsaya nan take ba, na baya ba su gani ba, sai da suka ƙarasa baitin. Kafin in isa, maza huɗu sun riga sun ɗaga shi ta hammata da ƙafafu suna mayar da shi cikin keken, suna kakkaɓe masa riga. Na ce su ajiye shi a miƙe, su nemo ƙyaure. Baba Kazah yana ta cewa, "Ba komai, ba jini, ba komai." Malam bai yi kuka ba. Ya kama hannuna ya sa a cinyarsa ya ce, "Matsa." Na matsa. Ya ce, "Matsa mana." Ina matsawa har farcena ya shiga.

Alhaji Garba ya sake ba da mota. A Jos likitan nan ya ɗaga hoton ƙashin a taga ya daɗe yana kallo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambayi nas yadda aka yi, ta gaya masa, ya cire tabarau ya murza ido. Nas ta ce mini wannan karon lakar ta yanke, kuma abin da ya yanke ba ya haɗuwa. Muka yi wasu makonni suna soka allura a tafin ƙafa don dai a ce an yi, sannan suka sallame mu.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin rubutu, amma masu jinya su sani. Wanda ba ya ji daga ƙugu zuwa ƙasa, kwanciya kanta ciwo ce. Ina juya shi, ina shafa masa mai, ina shanya katifa, duk da haka gyambo ya buɗe a ƙugunsa. Na sayar da keken ɗinkina na sayi magani da bandeji. Robar fitsari ta kawo zazzaɓi, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Aka ba wani ajinsa. Keken guragun kuwa bai sake yarda ya hau ba, ko ƙofar gida. Matan zumunta sun yi ƙoƙari, suna kawo kunu da itace, wasu su taya ni wanki, Allah ya saka musu. Amma ko ɗaya a cikin waɗanda suka ɓamɓare yatsuna ba ta taɓa ɗaga maganar ba. A majami'a an yi addu'a an ce Shaiɗan ne ya so ya ɓata ranar godiya. Ni dai ban ga Shaiɗan a wurin ba, waɗanda na gani duk na san sunayensu.

Baba Kazah yana zuwa duk Lahadi da doya ko kaza. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi, Yaya." Ni in durƙusa in kawo masa ruwa. Sau ɗaya ya ce mini a tsakar gida, "Matarmu, haka Allah ya rubuta." Na ce, "Haka ne, Baba," na shiga kicin na fasa tukunya da gangan. A ƙauye kuma labarin da ya zaga shi ne zanena ne ya riga ya kashe masa jiki tun farko.

Na taɓa tambayar Malam, ina wanke masa gyambon, me ya sa bai ce a'a ba. Ya ce, "Kan nan nasa da kike gani ba gashi a tsakiya, kayan da ya ɗauka ne don in yi karatu. Ta yaya zan ce masa bai iya tura ni ba, a gaban yaransa?" Na ce to ga shi ka biya shi da ƙafafunka. Ya ce, "Na sani." Ba mu sake maganar ba. Na ji haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, har yau ban raba biyun ba.

Damina ta zagayo, zazzaɓin ya zo bai koma ba. Ya rasu da rana tsaka, ina ba shi kunu a cokali.

Aka yi akwati. Za a kai shi majami'a a yi masa sujada kafin a wuce da shi ƙauye. Maza suka saɓa a kafaɗa, Baba Kazah a gaba yana nuna hanya, mu mata muna biye. Ta bayan tasha aka bi. Da aka iso bakin layin ya ɗaga hannu ya tsayar da kowa. Ya taka katakan da ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, ya kawar da wata tsakuwa, ya dawo ya dafa akwatin da tafin hannu. Ya ce, "A hankali. Ku duba tsagar nan. Na gaba ku jira na baya. Kada ku jijjiga shi."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba, kuma ban ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit kowa ya ji. Na ce, "Baba, ku ba shi gudu mana. Ai yanzu ba abin da zai karye."

Wata ta rufe mini baki da gyalenta. Baba Kazah bai waiwayo ba, na dai ga kafaɗunsa sun sauka, aka haye da akwatin a hankali kamar yadda ya ce. Bayan kwana uku dattawa suka zo da Baba Fasto, suka ce na kunyata babba a gaban gawa da gaban yaransa, tun ranar bai ci abinci ba, ya kamata in je in durƙusa in nemi gafararsa don zumunci ya ɗore. Na kawo musu ruwa, na saurare su har suka gama. Na ce na ji, zan je ranar da wani ya zo ya nemi tawa.

Hannatu ta shiga firamare bana. Ba wanda ya zo, ni ma ban je ba.